Sarkin Kabi Sama'ila (1883–1915): Siyasar Mutanen Gulbi

Gabatarwa

A yau idan aka ambaci siyasa, abin da kan zo wa mutane a rai shi ne jam'iyyu da ƙuri'a da majalisa. Amma kalmar ta girmi waɗannan abubuwa. A bakin malamai da fadawa na dā, siyasa ita ce dabarar riƙon jama'a, watau sanin lokacin da za a ja da lokacin da za a sassauta, da sanin wanda za a ƙulla da shi, da abin da za a sallama domin a tsira da saura. Bisa wannan ma'ana, ƙasar Hausa ta yi 'yan siyasa tun kafin a kawo akwatin zaɓe, kuma ba dukkansu ne suka zauna cikin manyan birane irin su Kano da Katsina ba. Waɗansu sun yi zamaninsu a gefe, cikin ƙananan ƙasashe waɗanda manya suka kewaye, inda kuskure guda ya isa ya shafe gari da sarautarsa.

Wannan lacca za ta dubi rayuwar ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, shi ne Sarkin Kabi Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, wanda Kabawa suka fi sani da Sama. Ya yi sarauta a Argungu shekara 32, daga 1883 zuwa 1915. Ya hau gado yana mai cin gashin kansa, yana yaƙi da Sakkwato da Gwandu. Ya rasu yana sarkin En'e guda cikin Lardin Sakkwato, ƙarƙashin Razdan. Abin tambaya shi ne, tsakanin hawansa da rasuwarsa me ya samo wa Kabawa, kuma me ya biya kafin ya samo shi?

Gulbi da mutanensa

Ba a fahimtar Sama'ila sai an fahimci ruwan da ya tashi a bakinsa. Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan su gangara kudu maso yamma su bi ta Argungu da Birnin Kabi, har su faɗa Kwara. Wannan yanki na ƙasa shi ake kira Gulbin Kabi. Daga Sakkwato zuwa Argungu kimanin mil 60 ne. Gulbin yana tafe ne cikin fadama mai faɗin gaske. Da damina ruwa yakan cika ta makil, ya mai da ita kamar tafki. Da rani kuwa ya janye, ya bar tafkuna da gurabe cike da kifi, da laka mai kyau ga shinkafa.

Kabawa mutanen wannan fadama ne. Suna noman shinkafa da gero, amma sana'ar da sunansu ya fita da ita a ƙasar Hausa ita ce su. Bakabe yakan shiga ruwa da homa a hannu, ya kwanta bisa babban gora wanda yake ɗauke shi, kuma a cikinsa yake zuba abin da ya kama. Akwai kuma Sarkawa, masu taru da kwalekwale, waɗanda masana suke danganta asalinsu da Sorko, masuntan Kwara na ƙasar Songhai. Giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa akan yi bandarsu a kai kasuwanni na kusa da na nesa.

Su a Kabi yana da doka. Manyan gurabe suna da masu kula da su, kamar Sarkin Ruwa da Homa. Akan hana shiga gurbi na wani lokaci domin kifi ya taru ya girma, a yi gyaran ruwa, sa'an nan a sa ranar fashin ruwa, jama'a su faɗa gaba ɗaya. Mutanen da suka saba da wannan tsari sun san haƙurin jiran lokaci, sun kuma san aikin gayya bisa umurni guda. Gidan sarauta, watau Lekawa zuriyar Kanta, ba su ne masu riƙe homa ba, amma ƙarfinsu daga masu riƙe ta yake fitowa, domin su ne masu jirage, su ne suka san mashigi da inda laka take cin doki.

Nan ne amfanin gulbi ga yaƙi. Ƙarfin rundunonin ƙasar Hausa a ƙarni na 19 dawaki ne, doki kuwa ba shi da ta cewa cikin fadama mai ruwa. Argungu tana gaɓar gabas, gefen da Sakkwato da Gwandu suke, ga ganuwa a gabanta, ga gulbi a bayanta. Wanda bai mallaki ruwan ba ba shi da ikon kewaye ta ya hana ta abinci da gudummawa daga hayin yamma. Watannin da maƙiyi yake iya zama a bakin ganuwarta kaɗan ne cikin shekara.

Gadon da ya tarar

Tarihin sarautar Kabi ya faro daga Muhammadu Kanta. Shi ne ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, suka saɓa a kan rabon ganima, ya ɓalle wajen 1516, ya gina Surame da ganuwarta ta duwatsu, ya mai da Kabi ɗaya daga cikin manyan dauloli na wannan sashe. Bayan kusan ƙarni biyu ƙarfin Kabi ya ragu sabo da matsin Gobir da Zamfara da Azbin, aka bar Surame aka koma Birnin Kabi.

Cikin 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. Da aka raba kula da daula, ƙasar Kabi ta faɗa cikin rabon Gwandu. Amma wani sashe na gidan Kanta bai miƙa wuya ba. Hodi ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi cikin 1826. Sama'ila Karari, kakan wanda ake magana a kansa, ya riƙe Argungu har 1831, sa'ad da rundunonin Sakkwato da Gwandu suka taru a kansa, aka ci garin, shi ma aka kashe shi.

Ɗansa Yakubu Nabame aka kai shi Sakkwato, ya zauna shekaru a fada, ya ga yadda ake tafiyar da daula daga ciki. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya amince da shi har ya bar shi ya koma gida. Cikin 1849 Nabame ya ɗaga tutar Kabi a Argungu. Abin lura a nan shi ne bai tashi shi kaɗai ba. Arawa na ƙasar Arewa, da Zabarmawan Doso, da Dandawa na ƙasar Dandi, duk sun tashi tare da shi, domin kowannensu yana da nasa ƙorafi a kan Gwandu. Wannan ƙawance na al'ummu huɗu shi ne jarin siyasar Argungu har ƙarshen ƙarnin. Baturen nan matafiyi Barth, wanda ya bi ta Gwandu da Birnin Kabi cikin 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, ya tarar da hanyar yamma cikin hatsari sabo da wannan tashi.

Sakkwato da Gwandu sun ɗauki al'amarin a matsayin tawaye da warware alkawari. Kabawa kuwa sun ɗauke shi a matsayin ƙwato gadon Kanta. Kowane ɓangare ya biya da jinin manyansa. An kashe Nabame a fagen fama cikin 1854. Ɗan'uwansa Yusufu Mainasara ya gaje shi, aka kashe shi cikin 1859. Shekara guda bayan haka Kabawa suka kashe Sarkin Gwandu Haliru a Tilli. Sai a zamanin Abdullahi Toga, wanda ya hau cikin 1860, aka sami sulhun da ake kira Lafiyar Toga, daga 1867 zuwa 1875, inda aka yarda kowa ya riƙe garuruwan da suke hannunsa. Da sulhun ya warware aka koma gidan jiya.

Cikin wannan hali Sama'ila ya girma. An kashe kakansa, an kashe ubansa yana yaro, an kashe baffansa. Ya kuma ga shekaru takwas na Lafiyar Toga, ya ga abin da zaman lafiya yake kawowa kasuwa da gona, ya ga kuma yadda sulhun da ba shi da mai tsaron sa yake saurin karyewa. Da Toga ya rasu cikin 1883, sarauta ta zo hannunsa.

Shekarun yaƙi

Sama'ila ya sake salon yaƙin Kabi. Magabatansa sun fi tsayawa ga kare kai; shi kuwa ya riƙa fita yana kai hari cikin ƙasar Gwandu da ta Sakkwato, ya buga ya komo bayan ganuwa kafin a tara masa runduna. Labarin baka na Kabi yana cewa ya ci garuruwa 90. Ko da an rage wani abu daga wannan adadi, kamar yadda ya kamata a yi wa kowane lissafi na mawaƙan fada, ya nuna irin tsoron da sunansa ya sa a ƙauyukan iyaka. Tilas ne kuma a faɗi cewa nauyin wannan yaƙi a kan talakawa ya sauka, na kowane gefe: an ƙone rumbuna, an kwashe dabbobi, an kama mutane an sayar.

Yaƙin yana da fuskar tattalin arziki. A ƙasar Dandi akwai kwarin Foga inda ake dafa gishiri, kuma ta wannan sashe ne ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro na Gwanja ta bi. Muddin Argungu da ƙawayenta suna riƙe da yammacin gulbi, to Gwandu ba ta da tabbas a kan hanyarta ta zuwa Say da sauran ƙasashenta na bakin Kwara. Ƙaramar ƙasa ce Kabi a wannan lokaci, amma ta zauna a kan maƙogwaron babba.

Babbar jarrabawa ta zo bayan hawan Sarkin Musulmi Abdurrahman cikin 1891. Ba da daɗewa ba ya kira gayya daga masarautun gabas, ya nufi Argungu da niyyar gama da ita gaba ɗaya. Sama'ila ya tare shi, rundunar Sakkwato ta karye. Daga wannan karo ba a sake tara irin wannan gayya a kan Argungu ba.

Wannan yaƙi ya yi tasiri har inda Sama'ila bai yi zato ba. Cikin waɗanda suka kawo gudummawa daga Kano akwai Galadima Tukur ɗan Sarkin Kano Bello, wanda ya nuna jaruntaka a ranar da saura suka juya. Sarkin Musulmi ya riƙe masa wannan. Da Bello ya rasu cikin 1893, Abdurrahman ya naɗa Tukur, ko da yake mafi yawan gidan Abdullahi Maje Karofi ba su so ba. Yusufawa suka fita zuwa Takai, aka shiga Yaƙin Basasa, Aliyu Babba ya shiga Kano cikin 1894, Tukur ya rasa ransa cikin 1895. Watau ke nan kibiyar da aka harba a bakin Gulbin Kabi ta je ta faɗi a tsakiyar Kano.

Amma nasara a gabas ba ta hana rauni a yamma ba. Cikin 1896 Fulanin Dallol, tare da mayaƙan Futa waɗanda Faransawa suka koro daga ƙasar Segu da Masina, suka karya Zabarmawa a Bumba, aka kashe jarumin Zabarma Isa Korombe. Ɗaya daga cikin ƙafafu huɗu na ƙawancen 1849 ta raunana, daidai lokacin da waɗansu baƙi suke ƙwanƙwasa ƙofa.

Zuwan Turawa

Tun cikin Agusta 1890 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a kan layin da ya tashi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi, bisa sharaɗin duk abin da yake na daular Sakkwato ya zauna a gefen Ingila. Waɗanda suka sa hannu ba su san iyakar daular ba. Sabo da haka tambayar da Kabawa suka shekara 40 suna amsawa da baka da kibiya, watau ko Kabi tana ƙarƙashin Sakkwato ko ba ta, ta zama tambayar da ake yi a ofisoshin Landan da Faris.

Hafsan Faransa Monteil ya ratsa ta Doso da Argungu cikin 1891 kafin ya isa Sakkwato, ya gani da idonsa cewa ƙasar da ke tsakanin Say da Sakkwato ba ta bin Sarkin Musulmi. Wannan ya ba Faransa hujja. A farkon 1898 wani hafsan, Cazemajou, ya sauka Argungu ya ƙulla yarjejeniya da Sama'ila, sa'an nan ya wuce Damagaram inda aka kashe shi cikin Mayu na wannan shekara. Ranar 14 ga Yuni 1898 ƙasashen biyu suka sake zana iyaka: ta bi Dallol Mauri, sa'an nan ta yi da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Argungu ta faɗa gefen Ingila, Doso ta faɗa gefen Faransa. Ba a tambayi Sarkin Kabi ba, ba a kuma tambayi Sarkin Musulmi ba.

Cikin 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta bi ta ƙasar Arewa tana ƙone-ƙone da kisa, ta yi karo da Sarauniya a Lugu, ta wuce ta ragargaza Birnin Ƙonni. Wannan ya faru ne a ƙasar ƙawayen Sama'ila da maƙwabtansu, 'yan kwanaki kaɗan a kan doki daga fadarsa. Ya ga abin da bindigar zamani take yi wa ganuwar ƙasa, ya kuma gane cewa gulbin da ya hana dawakin Sakkwato ba zai hana waɗannan ba.

A nan ne ya yanke shawarar da ta fi kowace nauyi a rayuwarsa. Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Royal Niger ranar 1 ga Janairu 1900, Gwamna Lugga yana neman hanyar Sakkwato. Sama'ila ya karɓi Ingilishi hannu biyu. Cikin 1902 aka kafa sansanin soja a Argungu. Da Kano ta faɗi cikin Fabrairu 1903, rundunar Morland ta nufo yamma, wata ƙungiya ƙarƙashin Kyaftin Merrick ta taso daga Argungu ta haɗu da ita, ranar 15 ga Maris 1903 aka ci Sakkwato.

Neman na nesa domin a tsira daga na kusa tsohuwar dabara ce ta ƙananan ƙasashe. Alal misali, a arewacin Kano, Ɗan Tunku ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo bayan hawansa cikin 1819, aka yi shekaru ana gwabzawa, daga bisani Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, Kazaure ta zama masarauta mai bin Sakkwato kai tsaye. Bambancin shi ne, na nesan da Kazaure ta dogara gare shi ɗan gida ne, yana cikin tsari guda da ita, akwai kuma shari'a da al'ada da suka iyakance abin da zai nema a wurinta. Sama'ila kuwa Sakkwato ce maƙwabciyar da yake gudu, don haka na nesansa sai da ya fito daga hayin teku, kuma babu wata al'ada da ta ɗaure hannunsa.

Masu tarihi sun saɓa a kan wannan shawara. Waɗansu suna ganin ya buɗe wa baƙo ƙofar yamma a lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru yake shirin tsayawa, wanda daga baya ya yi hijira ya yi shahada a Burmi cikin Yuli 1903. Waɗansu kuwa suna cewa ba a neman mutum ya mutu domin daular da ta kashe ubansa da kakansa, kuma da ya tsaya da Argungu ta bi sawun Birnin Ƙonni. Kowace magana tana da gaskiyarta. Abin da ya fi amfani ga mai nazari shi ne ya auna sakamakon.

Sarki ƙarƙashin Razdan

Ribar farko a fili take. Ingilishi sun amince da Sama'ila a matsayin sarki mai zaman kansa, ba ya bin Gwandu, ba ya bin Sakkwato. Abin da Hodi da Karari da Nabame da Mainasara suka mutu a kansa, shi ya same shi a rubuce. Argungu ta zama En'e mai kanta cikin Lardin Sakkwato, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suka yi shekara ɗari suna neman shafe ta. Yaƙi ya ƙare, manomi ya fita nesa da ganuwa, masunci ya bi gulbi har inda dā ba ya isa.

Hasarar kuwa ta zo a hankali. Da fari, Turawa sun daskarar da iyakoki yadda suka same su. Birnin Kabi, wadda kowane sarki na gidan Kanta tun 1805 yake mafarkin komawa cikinta, ta tabbata a hannun Gwandu, har ma a zamanin Turawa ta zama mazaunin Sarkin Gwandu. Ƙofar da takobi ya bari a buɗe, alƙalami ya rufe ta.

Na biyu, ƙawancen 1849 ya tsage biyu. Faransa ta yi kukan cewa da'irar mil 100 ta tura hanyarta ta zuwa Damagaram cikin hamada inda babu rijiyoyi. Cikin yarjejeniyar Afrilu 1904 da ta Mayu 1906 Ingila ta ja da baya, aka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Dogon Dutsi da Matankari suka bi Doso da Gaya zuwa gefen Faransa. Kangiwa da Kamba suka zauna a ƙasar Argungu. Arawa da Dandawa suka wayi gari rabinsu yana biyan haraji ga Bafaranshe, rabi ga Ba'ingilishi. Mutumin da dā maganarsa take kaiwa har bakin Kwara ya koma sarkin 'yan gundumomi. Abokin da ya taimaka wa shi ne ya sa hannu a wannan rabo, domin a ma'aunin Landan jituwa da Faransa ta fi Argungu nauyi.

Na uku, ita kanta sarautar ta sake kama. An hana yaƙi da kamun bayi, an sa 'ya'yan da aka haifa daga Afrilu 1901 su zama 'yantattu, an tsara haraji a raba shi da gwamnati, an yanka ƙasa gunduma gunduma a aika hakimai su zauna a cikinsu, daga baya aka kafa baitulmali aka yanka wa sarki albashi. Waɗansu daga cikin waɗannan canje-canje alheri ne ga talaka, musamman hana bauta. Amma ga sarki ma'anarsu guda ce: wanda dā ba ya jin umurnin kowa, yanzu Di'o yana duba littattafansa.

Daɗin daɗawa, darajar Argungu a idon Turawa ta ragu daga ranar da Sakkwato ta faɗi. Mulkin da Lugga ya tsara ya dogara ne a kan manyan masarautun daular da ya ci. Da aka yi tashin Satiru cikin 1906, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya tsaya tare da Ingilishi, daga nan Sakkwato ta zama ginshiƙin mulkinsu a Arewa. Amfanin ƙaramin aboki yana ƙarewa ranar da babban maƙiyi ya zama aboki. Hausawa suna cewa an yi gudun gara an tadda zago. Game da Sama'ila sai dai a ce zagon ya bar masa rawani da gari, abin da garar ba ta yi niyyar bari ba.

Ya ga haɗewar Arewa da Kudu cikin 1914. Ya rasu cikin 1915, shekarar da Sarkin Musulmi Attahiru na biyu shi ma ya rasu. Tun daga Hodi, sarakunan Kabi huɗu ne suka mutu a hannun maƙiyi. Shi kuwa ya cika a gidansa, ɗan'uwansa Sulaimanu ya gaje shi.

Kammalawa

Abin da Sama'ila bai samu ba, watau sulhu na gaskiya da Sakkwato, ɗansa ne ya same shi, kuma ta hanyar gulbi. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Magabatan baƙon da runduna suke zuwa. Shi ya zo a matsayin baƙo. Da Kabawa suka tashi girmama shi, ba su nuna masa dawaki da sulke ba, domin Sakkwato ta fi su waɗannan. Sun kai shi bakin ruwa, masu homa da gora suka faɗa, ya ga abin da su kaɗai suka iya. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi a Matan Fada, ya ɗauki siffarsa ta zamani. Cikin 1970 Janar Yakubu Gowon ya halarce shi tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar, ƙasar da ta gaji Doso da Dogon Dutsi da Gaya. Cikin 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Tsohuwar fadar Argungu, wadda aka bari cikin 1942, ta zama Gidan Tarihi na Kanta cikin 1958. Ranar 27 ga Agusta 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka ƙirƙiro wata jiha da sunan Kabi, hedkwatarta kuwa Birnin Kabi, inda Sarkin Gwandu yake zaune.

Idan aka tattara lissafi, Sama'ila ya gaji abubuwa uku: sarautar gidan Kanta, da ƙawancen mutanen yamma, da 'yancin yin abin da ya ga dama. Ya tsira da na farko, ya bar wa zuriyarsa, suna riƙe da shi har yau. Na biyu da na uku sun tafi, kuma da wuya a ce akwai wata dabara da za ta tsare su a shekarun da Kano da Sakkwato da Borno da Damagaram duk suka faɗi. Gwanintarsa ita ce ya gane da wuri abin da zai yiwu a ceta, ya kuma yarda ya biya kuɗinsa.

Ɗalibin tarihi zai sami gargaɗi a nan game da karanta ƙarni na 19 daga fadar Sakkwato kaɗai, domin daga bakin gulbi labarin yana da wata fuska, kuma sai an haɗa su biyu yake cika. Ma'aikacin hukuma kuwa zai lura cewa layin da aka ja a takarda cikin 1898 da 1906, ba tare da an tambayi waɗanda suke zaune a wurin ba, shi ne har yanzu yake raba Ba'are da ɗan'uwansa tsakanin Kangiwa da Dogon Dutsi. Haka kuma madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo, waɗanda aka kammala cikin 1978 da 1984 can sama da Sakkwato, sun sake yanayin ambaliyar da shinkafa da kifin Kabi suka dogara gare ta. Ruwan da ya tsare Argungu daga dawaki a zamanin Sama'ila, yawansa da lokacin zuwansa sun koma abin da ake yanke shawara a kansa a ofis, nesa da masu homa da gora.